Ranar Da Mamuda Ya Ba Da Kwarin Ɗinya

Wata Talata da tsakar rana Malam Mamuda ya buɗe jaridar da yake yi wa aiki a Zariya, ya tarar da gurbin da ba shi ya zana ba. Sana'arsa ke nan, shirya wasan cike gurbi. Sai ya zana ɗakuna farare da baƙaƙe, ya jera tambayoyi a gefe, wasu amsarsu a kwance, wasu a tsaye, ya bar masu karatu suna cizon fensir har mako ya zagayo. Ya san kogunan duniya da manyan biranenta kamar shi ya raɗa musu suna, kuma bai iya ɓoye wannan sani ba ko a zaman makoki. To, yau ga wani gurbi an ƙara a tsakiyar wasansa, fari fat, yana ƙyalli kamar ruwa a tasa. Ya yi tsaki, ya ce masu buga jarida sun sake yi masa ɓarna. Ya ɗora bakin fensir don ya soke shi, sai fensir ya nutse, hannu ya bi fensir, Mamuda ya bi hannu.

Ya faɗo a kan rairayi gaban wata ganuwa da aka gina da farin dutse da baƙi. Aljanu biyu ke gadin ƙofa. Ɗaya ya miƙe a ƙasa ya tare hanya kamar giginyar da iska ta kayar, ɗaya kuwa yana tsaye, sai ka ɗaga kai har hula ta faɗi kafin ka ga haɓarsa.

Na tsayen ya ce, "Ya kai ɗan Adam, ka iso Birnin Gurabe. Ni ne Tsaye, wannan ɗan'uwana ne Kwance. Ba a shiga nan da takobi, ba a shiga da lallashi, sai da amsa."

Kwance ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Tana zuwa in damina ta tafi, kuma ita ta haifi uwarka."

Bakin Mamuda bai san tsoro ba in dai tambaya ce. Ya ce, "Kaka."

Tsaye ya ce, "A cikina dubu ke kwana. In ka juya gaɓoɓina, mutum ɗaya ke shiga ta, kuma ta wuya."

"Gari," in ji Mamuda. "In an juya, riga."

Kwance ya mirgina gefe, ƙasa ta girgiza, ƙofa ta buɗe. Mamuda ya kakkaɓe babbar rigarsa ya shiga, har ya fara tafiyar ƙasaita.

Aka kai shi fada gaban Magajiyar Tambaya, sarauniyar birnin. Gashin kanta alƙaluman kara ne, idonta ɗaya fari, ɗaya baƙi, fadawanta kuwa sun cika ko'ina, wasu zaune a ƙasa, wasu liƙe a rufi.

Ta ce, "Sannu da zuwa, mai shirya gurabe. Jama'ata na cike wasanka duk mako a gindin tsamiya. Sun kawo mini labari ka ce babu tambaya ƙarƙashin sama da za ta kayar da kai. Ka faɗa, ko sharri aka yi maka?"

"Ranki ya daɗe, na faɗa."

"To zauna."

Ta tambaye shi kogin da ya ratsa Masar, ya ce Nilu. Ta tambaye shi tsuntsun da ya kai wa Annabi Sulaimanu labari, ya ce alhudahuda. Ta shiga taurari, ya bi ta. Ta gangara cikin teku, ya lissafa mata kifaye. Duk amsar da ya bayar sai wani ɗaki a bangon fada ya haskaka, aljanu su yi guɗa. Mamuda ya harɗe ƙafa, ya tura hula gaban goshi, har yana cewa a ƙaro masu wuya.

Magajiya ta yi murmushi ta ce, "Dattijo ne mai malafa. Yana zaune kan duwatsu, ba ya taka ƙasa. Bakinsa a kansa yake. Da kaka ya ƙoshi, da bazara ya rame, kuma gida duka shi ake kallo."

Mamuda ya buɗe baki, bai sami komai a ciki ba. Ya zagaya duniya a kansa, ya leƙa Sin, ya leƙa Hindu, ya duba sarakunan da da na yanzu, babu dattijo mai malafa. Gumi ya keto masa. Wani ɗan tsurut ɗin aljani da ke rufi yana ƙyaƙyata dariya a hannu.

"Na gaza," ya ce, da murya ƙasa-ƙasa. "Faɗa mini."

"Ba ni gari."

Kowa ya san wannan. Haka yara ke yi a dandali in kacici-kacici ya gagara: mai tambaya ya ce a ba shi gari, a ba shi Kano ko Daura, ya yi ta cika baki ya ci garin da dawakinsa, sannan ya faɗi amsa. Mamuda ya ji sanyi a ransa, ya ce ashe wasan yara ne.

"Na ba ki Kano."

"Ba taka ba ce."

"To na ba ki Katsina, na haɗa miki da Legas."

Baƙin idonta ya juyo kansa. Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, a nan ba ma karɓar kyautar kayan wani. Kuma ka ji da kyau, abin da aka ba mu ɗauka muke yi. Ba ni garin da aka binne cibiyarka, ko ka tashi ka koma gida da rashin saninka. Ƙofa a buɗe take."

Garin da aka binne cibiyar Mamuda shi ne Kwarin Ɗinya, wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina. Ya yi shekaru bai taka shi ba. A Zariya in an tambaye shi asalinsa sai ya yi tari ya canza magana. A can ya bar Gwaggo, yayar mahaifinsa, wadda ta ɗauke shi tun uwarsa ta rasu yana jinjiri, ta riƙa goya shi tana ƙetare rafi da shi zuwa makaranta in ruwa ya kawo.

Kada wani ya ce bai ji gargaɗi ba. Ya ji sarai. Amma ya dubi ƙofar, ya tuna zai fita ta tsakanin aljanun nan ba tare da ya san dattijo mai malafa ba, abin ya tsaya masa a rai. Ya ce a ransa, ai faɗa ce kawai, wa ya taɓa ɗaukar gari? Can ƙasan ransa kuma wata murya ta ce, in ma an ɗauka, me ke cikinsa?

"Na ba ki Kwarin Ɗinya."

"Na karɓa," in ji Magajiya. "Rumbu ne."

Fada ta kece da dariya. Rumbu! Mutumin da aka haifa taku kaɗan daga gindin rumbu, wanda aka sha zura shi ciki ta baki yana miƙo damin gero. Kunya ta rufe shi tun daga hula har takalmi. Bai gama haɗiye wannan ba aka ajiye masa ƙwaryar ruwa a gaba aka ce ya leƙa. Ya ga guguwa ta sauka a Kwarin Ɗinya tana naɗe garin kamar tabarma, da masallacin, da maƙera, da awaki, da masu daka da taɓarensu a sama. Ya ga Gwaggo a tsakar gida da ƙwaryar dusa a hannu, an naɗe da ita. Inda gari yake sai fili fetal, ko toka babu.

Ya zube ƙasa ya kama ƙafar kujerar Magajiya. "Ranki ya daɗe, na tuba! Suɓutar baki ce. Ki mayar, ki ɗauke ni a madadinsu."

"Me zan yi da kai? Magana zarar bunu ce, ɗan Adam. Garin ya tafi Filin Ajiya, bayan kogi da daji da tsauni. In ka isa kafin rana ta faɗi, za a ba ka alƙalami ka gwada fansarsa. In ta faɗi, gurabensa su baƙanta, kuma abin da ya baƙanta a wurinmu ko mai tuna shi ba za a sake samu ba."

Mamuda ya fita da gudu, ya bar takalmi ɗaya a fada.

Ya iso Kogin Tawada, baƙi ƙirin, ba a hango gaɓarsa ta can. Wani tsohon kada ya taso ya ce, "Hau bayana, matafiyi. Amma bayana ba ya ɗaukar ƙarya." Suna tsakiyar kogi kada ya ce, "Me za ka nema a ƙetare?"

"Garinmu. Aljanu suka sace shi."

Kada ya nutse, tawada ta kawo wa Mamuda gwiwa.

"Wato, yaudarata aka yi."

Tawada ta kawo masa ƙirji.

"Ni na bayar!" ya yi ihu. "Da bakina na bayar, don a faɗa mini amsar tambaya!"

Kada ya taso ya ce, "Na daɗe ina fito a kogin nan, ban taɓa ɗaukar kaya mai arha irinka ba." Ya sauke shi a gaɓa, farar rigarsa ta rine baƙa har ƙirji.

Ya shiga wani daji inda tsuntsaye masu fuskar mutane suka cika rassa. Suka yi ca a kansa, kowane yana ƙwala amsar tambayar da ba a yi ba, kuma duk kuskure. Wannan ya ce Nilu a Makka yake, wancan ya ce giwa ƙwai take yi. Duk wanda ya tsaya ya gyara musu, fuka-fukai za su tsiro masa ya hau reshe, don su ma da masana ne irinsa. Wallahi sai da Mamuda ya ciji harshensa har jini, saboda barin kuskure ya wuce ba a gyara ba ya fi masa ƙaya ciwo. Ya tsinci audugar rimi ya toshe kunnuwa ya ratsa.

A kan tsauni wata iska ta tare shi, mai suna Magogi, ba a ganinta sai dai a ga duwatsu suna shafewa inda ta bi. Ta ce, "Ya kai mai nauyin kai, ba a hawa nan da kaya biyu. Ajiye ɗaya in goge: ko abin da ka tara daga littattafai, ko ɗan abin da ya rage maka na gida." Abin takaici, har a nan sai da ya nemi ragi. Ya ce ko za ta bar masa manyan birane ta ɗauki koguna? Iska ta yi gurnani, rana kuma ta ƙara karkata. Ya runtse ido ya ce ta goge na littattafai. Ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, ya ji kansa ya yi sakayau kamar tulun da aka tuntsurar.

Daga bayan tsauni ya hango Filin Ajiya. Gurabe ne shimfiɗe har iyakar gani, yawancinsu baƙaƙe, garuruwan da masu su suka bayar ba su biyo sawu ba. A gefe guda ga Kwarin Ɗinya an rarraba shi gurbi-gurbi, kowane gida a nasa, mutane a ƙame, idanu a rufe, kamar masu barci a tsaye. Magajiya na zaune a bakin filin, ta riga shi zuwa. Ta zare alƙalami ɗaya daga gashinta ta miƙa masa.

"Duk abin da ka rubuta sunansa daidai, ya fansu. Ka rubuta kuskure, ya baƙanta nan take. Fara. Rijiyar da ba ta ƙafewa, bayan masallaci."

Ya yi ta laluben kansa, sai ga ta, da gugarta da santsin bakinta. Ya rubuta 'Yar Zaƙi, gurbi ya haskaka.

"Ranar da kasuwa ke ci."

Laraba. Ya tuna ne saboda ƙosan da Gwaggo ke riƙo masa.

"Maƙerin da ya kore ka da muntalaga don ka taɓa masa zugazugi."

Ɗan Tani. Haka suka yi ta yi, gida bayan gida, yana gumi yana tono sunayen da ya binne da kansa. Wasu sai ya tsaya gaban mutum ya ƙura wa fuskarsa ido, ya ga furfurar da bai san lokacin fitowarta ba, sannan sunan ya zo. Filin ya yi ta haskakawa, rana ta yi ja. Saura gurbi ɗaya, wata tsohuwa ita kaɗai da awakinta da ƙwaryar dusa.

Magajiya ta ce, "Ta goya ka, ba ita ta haife ka ba. Sunanta na yanka."

Mamuda ya yi dariyar jin daɗi ya ce, "Gwaggo!"

"Wannan kira ne. Suna na tambaye ka."

Alƙalami ya tsaya a sama. Yara Gwaggo suke ce mata. Sa'o'inta Ta-Kudu suke ce mata, don ɗakinta na aure a kudu yake. Shi kansa ba zai taɓa kama sunanta a baki ba, wannan tarbiyya ce. Amma rashin faɗa kunya ce, rashin sani kuwa abin kunya ne. Kowane ɗa ya san sunan da ba ya faɗa, yana riƙe da shi don ranar addu'a. Mamuda bai taɓa tambaya ba. Ya jero sunayen mata a ransa, kowanne ya yi kama da ita, kowanne kuma zai iya kashe ta.

"Ranki ya daɗe, a taimake ni da harafin farko."

"Kai kana taimakon masu cike wasanka?" Ta dubi rana, ta dube shi. "Hanya biyu ce. Ka ajiye alƙalami, in baƙanta wannan gurbi ɗaya, sauran su koma gida su farka ba su san komai ba. Ba mai tuna an yi ta, ba mai sanin abin da ka yi, ka koma Zariya da mutuncinka. Ko kuwa in buɗe kunnuwan garin duka, ka faɗa musu da bakinka yadda suka zo nan, sannan ka tambaye ta sunanta a gabansu."

Da ma a ce nan take ya zaɓa. Bai zaɓa nan take ba. Ya tsaya, ya dubi liman, ya dubi mai gari, ya dubi abokan kaciyarsa, ya auna yadda za su dube shi. Tsayawar ba ta fi ta haɗiyar yawu ba, amma ya san ya yi ta, Magajiya ma ta gani. Sannan ya dubi bayan Gwaggo da ya ranƙwafa, bayan da ya hau ya ƙetare rafi.

"Buɗe kunnuwansu."

Ta tafa hannu. Idanu suka buɗe ko'ina, mutane suka shiga salati suna waige-waige. Mamuda ya tsaya a gabansu da riga baƙa da takalmi ɗaya, ya faɗa. Bai rage komai ba. Ya ce an gargaɗe shi, ya ce an nuna masa ƙofa, ya ce ya ba da su ne don a faɗa masa amsar tambaya. Ba wanda ya zage shi, da zagin ma ya fi sauƙi. Mai gari ya ce, "Inna lillahi," ya sunkuyar da kai. Ɗan Tani maƙeri ya ce, "Mamuda, har da jikokina?"

Mamuda ya ja ƙafa zuwa gurbin ƙarshe ya durƙusa. "Gwaggo, ki yi mini rai. Ba za ki fita ba sai na rubuta sunanki." Ya ɗaga alƙalamin ya nuna mata. "Ban san shi ba."

Wata mata ta ce, "Kai!" ta rufe baki. Gwaggo ta dube shi. Tsohuwa ce da ba a taɓa jin sunanta a bainar jama'a ba tun rasuwar iyayenta, yau ga shi za ta faɗe shi da bakinta gaban surukai da jikokin gari. Ta ja gefen mayafi ta kare fuska.

"Hansatu," ta ce. "Rubuta, rana na faɗuwa. Awakina ba su sha ruwa ba."

Ya rubuta, hawaye na ɗiga kan haruffan. Gurbi ya haskaka daidai lokacin da gindin rana ya taɓa tsauni. Magajiya ta karɓe alƙalaminta ta ce, "Kun fita daga hannuna." Guguwa ta zo ta naɗe su duka har da shi.

Ta shimfiɗa Kwarin Ɗinya inda ta ɗauke shi, ko tukunya ba ta fashe ba. Taɓare suka sauka cikin turame, ladan ya tafi alwala. Mamuda ya tsinci kansa a tsaye bakin rijiya. Mutane suka yi ta wuce shi, kowa ya kawar da kai kamar mai neman wani abu a ƙasa. Ya bi lungun da ƙafarsa ta fi kansa sani, ya tsaya a ƙofar gidan da ya girma, ya yi sallama. Da can ba ya sallama a nan, kutsawa yake yi yana kiran abinci, Gwaggo kuma ta ce, "Babana ya dawo," don sunan mahaifinta ya ci.

Ya ji ta amsa daga ciki, a natse, ba fushi a muryar. Ya ji ta gama zuba wa awaki ruwa. Sannan ta ɗaga murya ta kira maƙwabciyarta ta kan katanga.

"Asabe, taimaka ki shimfiɗa wa baƙo tabarma a zaure, ki kai masa ruwa. In ya sha, ki tambaye shi mutumin wane gari ne."